Ƙwayar da ta daina yi wa Auta aiki

Auta tana da kwana talatin da biyar da haihuwa na je gidan Hajiya inda take wankan jego. Ko mayafi ban cire ba ta miƙo min jaririyar.

"Yaya, duba min bakin yarinyar nan. Tun jiya in ta kama nono sai ta saki ta fasa kuka."

Na buɗe bakin da ɗan yatsana. Harshe da cikin kumatu duk sun yi fari fat, kamar an shafa mata kindirmo. Hajiya daga bakin ƙofa ta ce ai guntun nono ne, ta goge mata da tsumma da ruwan ɗumi da safe, sai dai wurin ya yi ja har ya ɗan tsattsafo da jini. Jin haka na san ko mene ne. Guntun nono in an goge yana fita, ya bar harshe lafiya lau. Wanda ya manne, aka kankare shi ya bar jan tabo, kandida ce, wata ƙwayar cuta dangin yis, daga cikin waɗanda ake kira fangas. Shekarata goma sha huɗu ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kusan kullum sai na gan ta a ƙarƙashin madubin na'ura.

Bakin jaririyar bai tayar min da hankali ba, don abu ne da ake warkarwa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ya sa na zauna a gefen gado jikina a sanyaye wata baƙar leda ce da na ci karo da ita a jakar Auta ina neman kunzugun yarinya. Fankon kwalayen magani ne a ciki, irin mai ƙwaya ɗaya tal ɗin nan. Fulukonazol, maganin kandida na haɗiya, miligiram 150. Na ƙirga goma sha ɗaya.

Ni na koya mata sunan maganin. Shekara uku da suka wuce, tana amarya, ta sha antibayotik na kwana goma wai maganin taifot, tana gamawa ƙaiƙayi ya taso mata da farin abu mai kauri. Ta kira ni a waya tana jin nauyin faɗa. Ina tsakiyar aiki, na ce ta aika kemis a sayo mata ƙwaya ɗaya ta haɗiye. Kwana biyu ta warke. Ban ce ta zo a duba ta ba, ban kuma ce mata in ya dawo kada ta maimaita ba. Na ba ta suna kawai na kashe waya, ita kuwa ta riƙe sunan.

"Duk wata nake sha," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa don kada Hajiya ta ji. "Da can ɗaya ke isa ta. Yanzu ko na sha uku a mako, ko gezau."

"Har da cikin kina sha?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta san ba a ba mai ciki na haɗiya ba. Mai ciki na matsi ake ba ta, irin su kulotirimazol, na kwana bakwai, domin an samu alaƙa tsakanin na haɗiyar da ɓarin ciki. Allah ya tsare, yarinya ta zo lafiya. Amma na daɗe ina kallon fuskar jaririyar nan a ranar.

A wurinmu komai sanyi ne. Ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, zafin fitsari sanyi, rashin haihuwa ma sanyi. 'Yan boko su ce infekshan, su ƙara da cewa a masai aka kwaso. Mai mota da lasifika a bakin kasuwa yana da jarka ɗaya da ke maganinsu duka. Ni kuwa da nake karɓar tsinken auduga ina shafawa a gilashi, na san aƙalla abubuwa huɗu ne ko biyar mabambanta suke ɓuya a ƙarƙashin kalmar nan. Akwai kandida, mai ƙaiƙayi da kaurin ruwa kamar cukui, wadda yawanci ba ta da wari. Akwai rikicewar bakteriyar gaba, mai tsinkakken ruwa da ƙarni kamar na kifi, wadda fulukonazol ba ya yi mata komai. Akwai tirikomonas, da ciwon sanyi na ainihi wanda ake ɗauka ta saduwa, waɗanda dole sai an yi wa miji da duk matansa magani tare. Akwai kuma wadda ba ta da wata cuta, sabulu mai ƙamshi ne ko turaren tsuguno ko wani haɗin matsi ya ƙona mata fata.

A Amurka an taɓa tare mata 95 da suka sayi maganin kandida da kansu suna da tabbacin ita ke damunsu, aka gwada su. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka samu kandidar ce ita kaɗai. An buga wannan a 2002. Can ke nan, inda mace za ta faɗi abin da ke damunta ba tare da ta rufe fuska ba. A nan, yaro ake aikawa kemis da 'yar takarda.

Kandida ba baƙuwa ba ce a jikin mutum. Dangin yis ce, irin wanda ake sa wa fulawa ta kumbura, kuma tana zaune lafiya a baki da hanji da gaban mata da yawa ba tare da ta cutar da kowa ba. Akwai bakteriya masu amfani a gaban mace da ke tsare wurin da ɗan tsami, su hana ta yaɗuwa. Idan antibayotik ya share su, ko ciki ya sauya yanayin jiki, ko sukari ya hau, ko garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta samu fili. Shi ya sa mata uku cikin huɗu za su gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Ba masai ne ya ba su ba, ba kuma kishiya ba. Na faɗi wannan ne don na ga gidan da aka shekara ba a ga-maciji a kan zargin da ba shi da tushe. Waɗanda take yi wa naci, sau uku ko huɗu ko fiye a shekara, an ƙiyasta a 2018 cewa sun kai mata miliyan 138 a duniya kowace shekara. Auta ɗaya ce a cikinsu, tana ganin kamar ita kaɗai ce.

Fulukonazol magani ne mai kyau, ba na so a fahimce ni a baibai. Tun da ya fito a Amurka a 1990 da sunan Diflucan ya sauƙaƙa wa mata rayuwa, ya kuma ceci ɗimbin masu ɗauke da cutar ƙanjamau daga sanƙarau na fangas. Aikinsa shi ne ya hana kandida ƙera wani maiƙo da take gina bangon jikinta da shi. Amma ga inda gizo ke saƙa: ba kashe ta yake yi kai tsaye ba, tsayar da girmanta yake yi, jiki ya ƙarasa sauran. Idan ana ta zuba shi a kai a kai, yau ɗaya, jibi ɗaya, a daina, a dawo, waɗanda suka fi juriya su ne ke tsira su hayayyafa. Wasu su koyi tofar da maganin waje kafin ya yi aiki, ta wasu 'yan famfuna da ke jikin bangonsu. Wasu su sauya siffar wurin da maganin yake kamawa, ya zo ya tarar mabuɗinsa ba ya shiga kwaɗon.

Akwai hanya ta biyu, wadda ita ce ta kama Auta. Kandida iri-iri ce. Wadda ta fi yawa sunanta albikans, kuma har yau akasarinta tana jin fulukonazol. Amma tana da 'yan uwa. Gilabirata tun asali ba ta cika jinsa ba, kurusai kuwa ba ta jinsa sam, haka aka halicce ta. Duk manomi ya san in ka yi ta fesa maganin da ke kashe ciyawa mai laushi ya bar ƙiri-ƙiri, wata rana za ka wayi gari gonar duk ta zama ta ƙiri-ƙiri. Kowace ƙwaya da Auta ta haɗiya tana share mai jin magani ne, tana gyara wa marar ji wurin zama.

Sai da na yi kwana huɗu ina lallashinta kafin ta yarda a ɗauki suwab, wato a shafo ɗan ruwan gabanta da tsinken auduga don gwaji. Ta ce ita ba za ta iya kwantawa wani ya duba ta ba. Na ce mace ce za ta ɗauka, ina tsaye a wurin. Ta ce in mijinta ya ji fa, zai ce wani abu ta kwaso. Wannan tsoron na fahimce shi, kuma ba na raina shi. Ni da kaina na kira shi.

"Malam, ka yi haƙuri zan yi maka magana a kan abin da ba a saba ba. Abin da ke damun matarka ba irin wanda ake ɗauka ba ne, ba daga gare ka ba ne, ba kuma daga wani wuri ba. Gwaji nake so a yi mata."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai da tuni aka faɗa min. Nawa ne kuɗin?" Ashe shi ma shekara biyu yana ganin tana guje masa da dare, yana zaton laifi ya yi.

Bayan arba'in muka je. Na shafa abin da aka ɗauko a faranti mai abincin fangas, na sa a na'urar ɗumi. Kwana biyu suka tsiro, 'yan ɗigo-ɗigo farare masu santsi, da ƙamshin nan na ƙullin burodi. Akwai wani tsohon gwaji mai arha da muke yi: a ɗebi kaɗan a sa a ruwan jini, a ajiye a zafin jikin mutum na awa biyu zuwa uku. Albikans takan fitar da ɗan tsiro kamar wake ya fara fitowa. Na Auta ba su fitar da komai ba, ƙanana ne ƙwarai, zagayayyu, babu zare ko ɗaya. Na nemi wata abokiyar aikina da ke da faranti mai launi, wanda albikans ke fitowa koriya a kansa. Ba su fito kore ba. Duk alamu sun nuna gilabirata.

A nan dole in faɗi abin da ke ci min rai game da aikinmu. A ɗakunan gwaji da yawa, takardar da za a miƙo wa mace cewa kawai za ta yi an ga kandida. Wace iri, babu. Wane magani take ji, babu. A bakteriya muna jera 'yan faifan magani mu auna wanda ya kashe ta, a fangas kuwa da wuya a yi, don kayan suna da tsada kuma ba a cika nema ba. Likita ya karɓi takarda ya ga kandida, ya rubuta fulukonazol, mace ta koma gida da maganin da ta riga ta sha sau goma sha ɗaya. Idan ke ce, ki buɗe baki ki gaya wa likita sau nawa kika sha da kuma yaushe ya daina yi miki aiki. Ki tafi da fankon kwalayen in kina da su. Wannan bayanin yakan sauya abin da zai rubuta.

Likitar da ta ga Auta ta saurare ta da kyau. Kafin ta rubuta komai ta tambaya ko akwai mai ciwon sukari a gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, da shi ya rasu. Aka auna na Auta da safe kafin ta ci komai, aka sake aunawa wata rana, duka biyun ya haura. Ga shi kwana arba'in tana shan kunun kanwa da sukari cokali uku, Hajiya na ƙara mata don nono ya kawo. Gilabirata tana son masu sukari. Da tun farko na ce ta zo asibiti maimakon in ba ta suna a waya, da wataƙila an gano sukarin tun kafin ciki.

An ba ta nistatin na matsi, kowane dare har mako biyu, aka kuma ɗora ta a kan kula da sukari. Likitar ta ce in bai yi ba akwai wani matsi na sinadarin borik da ake amfani da shi ga irin wannan, amma guba ne in an haɗiya, ba a ba mai ciki, kuma ba abin da za a ajiye inda yaro zai kai hannu ba ne. Ba a kai ga shi ba. Na ambace shi ne kawai saboda na fara ganin ana tallarsa a Facebook da Instagram kamar alewa.

Ita ma jaririyar nistatin aka ba ta, na ruwa, ana ɗiga mata a cikin kumatu sau huɗu a rana bayan ta sha nono, aka ba uwar man shafawa a kan nono don kada su riƙa mayar wa juna. Ina son maganin nan. Mata biyu ne suka gano shi a 1950, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suna aiki a hukumar lafiya ta jihar New York, daga sunan jihar ma aka ciro sunansa. Ɗaya tana tono ƙasa tana nemo ƙwayoyin halitta, tana aika wa ɗayar a kwalba ta gidan waya. Fiye da shekara saba'in ke nan, kuma har yau kandida ba ta cika bijire masa ba, domin shi fasa bangon yake yi. Cikin kwana tara bakin yarinya ya washe.

Hajiya ta so a shafa mata zuma. Na hana, don ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Ta kuma fito da wani man shafawa da maƙwabciya ta ba ta na ƙurajen kunzugu, irin mai haɗi uku ɗin nan da ake cewa yana maganin komai. Na karanta mata abin da ke ciki: maganin fangas, antibayotik, da sitiroyid mai ƙarfi. Sitiroyid ɗin yana kwantar da ja cikin kwana ɗaya, uwa ta ji daɗi, alhali ya danne garkuwar fatar ne, fangas na ci gaba da yaɗuwa a ƙasa. Fatar jariri siririya ce, kunzugu kuma yana rufe wurin, sai maganin ya shige jiki fiye da kima. A Indiya irin waɗannan mayukan suna cikin abin da ake dangantawa da ɓullar wata makero mai taurin kai da ta daina jin maganin da aka saba ba ta. Mu ma ga su nan a kowane kemis, har da masu shafa su don fari.

Wani abu kuma game da yara mata: yarinyar da ta bar kunzugu amma ba ta balaga ba, da wuya ƙaiƙayinta ya zama kandida. Yawanci sabulu ne, ko rashin iya tsarki, ko tsutsar ciki mai fitowa da dare. Na sha ganin uwa ta raba ƙwayarta biyu ta ba 'yar shekara shida. A kai ta a duba ta.

Akwai wani ɗaki a asibiti da nakan je karɓar jini, ɗakin bakwaini. Jarirai ne da wasunsu ba su kai kilo ɗaya ba, kwance a kwalba, da siraran robobi a jijiya. A wurinsu kandida ba ƙaiƙayi ba ce. Tana bin robar ta shiga jini, ta kai ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa, kuma tana kisa. Maganin da ya fi sauƙin samu da arha da za a ba su, ko don rigakafi ko don magani, shi ne dai wannan fulukonazol ɗin. A Afirka ta Kudu, binciken da aka yi a asibitoci a 2009 da 2010 ya nuna fiye da rabin wata iri mai suna farafsilosis da aka samu a jinin marasa lafiya ta daina jinsa, kuma ita ce mai yawo a ɗakunan jarirai ta hannun ma'aikata. Sai ga wata irin kandidar mai suna auris, wadda aka fara ganowa a kunnen wata mara lafiya a Japan a 2009. Tana manne wa gado da kayan aiki na makonni, a Amurka kusan tara cikin goma ba sa jin fulukonazol, kuma an ba da rahoton samunta a Nijeriya a 2022. A watan Oktoba na shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 mafiya haɗari a karon farko, ta sa auris da albikans a sahun gaba.

Ba ina cewa ƙwayoyin Auta ne suka haifar da abin da ke faruwa a ɗakin bakwaini ba. Na asibiti a asibiti yake ƙyanƙyashewa, kuma alhakin wanke hannu da tsaftace kaya yana wuyanmu mu ma'aikata. Abin da nake gani shi ne rumbun ɗaya ne, kuma ɗan ƙarami ne. Maganin bakteriya aji-aji ne masu yawa. Na fangas da ya shiga jini manyan aji uku ne kacal. In fulukonazol da danginsa suka faɗi, saura amfoterisin, mai wahalar da ƙoda, da wasu allurai da ake kira ekinokandin, waɗanda samunsu a nan sai an sha wuya, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin yawancin iyayen da nake gani zaune a barandar ɗakin nan. An fitar da sababbi biyu a Amurka don mata, ɗaya a 2021 ɗaya a 2022, amma duka biyun ba a ba mai ciki, na biyun ma ba a ba duk macen da za ta iya ɗaukar ciki. Ga macen da ke haihuwa duk bayan shekara biyu, kamar ba a yi su ba.

Masu fama da naci na gaske, waɗanda gwaji ya nuna albikans ce mai jin magani, akwai tsari da likita ke ɗora su a kai: ƙwaya uku a tazarar kwana uku-uku, sannan ɗaya duk mako har wata shida. Adadin ya fi na Auta yawa ma. Bambancin shi ne an san abin da ake yaƙa, an duba sukari, an tabbatar babu ciki, kuma akwai mai lura.

Yarinyar yanzu tana da wata bakwai, ta fara rarrafe. Auta ta daina sa sukari a kunu, tana auna jininta duk Juma'a da 'yar na'urar da mijinta ya sayo mata. Sau ɗaya ƙaiƙayin ya so dawowa, lokacin zafin watan Afrilu, ta kira ni kafin ta aiki kowa ko'ina.

Makon jiya a gidan biki wata 'yar ƙanwar Hajiya ta ja ni gefe, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Anti, don Allah mene ne sunan ƙwayar nan ta sanyi, mai guda ɗaya?"

Na tambaye ta sau nawa ta taɓa sha. Ta fara ƙirgawa da yatsu, ta wuce hannu ɗaya. Na ce ta same ni ranar Litinin da ƙarfe takwas, kada ta yi matsi da komai, kada ta wanke ciki da sabulu, kuma ta zo ba ta karya ba don a auna sukari. Ta ce kunya take ji. Na ce zan jira ta a bakin ƙofa mu shiga tare.